Matar da Ta Hana Mu Cewa "Da Sauƙi"

Kafin shagunan unguwar Catford ta London su buɗe, Mama Talatu Bot ta riga ta tsaya a tashar bas, da kwat ruwan toka a kan atamfarta, da jakar leda mai fulas ɗin shayi da burodi. Burodin ba nata ba ne ita kaɗai. Ta daɗe da sanin cewa wanda aka kira ofishin gidaje ba ya iya cin komai kafin ya fito, sai layi ya yi tsawo yunwa ta kama shi, kuma mai jin yunwa saurin cewa "to" gare shi ga duk abin da aka gaya masa. Daga nan sai Camberwell, ko Peckham, ko duk inda aka ce mata wani namu zai zauna gaban ma'aikatan council, wato ƙaramar hukumar da ke raba gidaje, a ranar. Haka ta yi tun farkon shekarun 1980 har zuwa bana, 1998, da gwiwoyinta suka gaza, ita ma 'yar cibiyar ba da shawara da take yi wa aikin tafinta ta rufe ƙofa.

Ba a yi mata walima ba. Ba wanda ya tashi a wani taro ya ambaci sunanta. Manyanmu da ke zuwa London hutu su sauka a gidajensu ba su san da ita ba, kuma ban ga laifinsu ba, ba su taɓa bukatarta ba. Mu da muka bukace ta ne muka yi shiru. A gidan suna in aka ce "Talatu", sai ka ga ana taɓe baki: "Wannan mai tonon asirin?" Shi ya sa nake rubuta wannan. Wanda ransa zai ɓaci, ya ɓaci.

Mutuniyar Filato ce, Kirista, daga wani ƙauye a kan duwatsun bayan Jos. Koyon aikin jinya ya kawo ta, karatun bai ƙare ba, ta koma bin gidajen tsofaffin Turawa tana yi musu wanka da girki. Hausarta ta kasuwar Jos ce, mai gudu, wani lokaci ta ce wa namiji "ta", Kanawa su yi ta dariya. Da wannan Hausar ce ta tsaya tsakaninmu da hukuma shekara da shekaru.

Ga wanda bai taɓa neman gidan council ba, ƙofa biyu ce a gabanka. Ta farko, sai ka zauna a yankinsu na wani lokaci da suka yanka, ba tare da ka tashi ba. Ta biyu, in kana da nakasa kana son flat a ƙasa, mai faɗin ƙofa da banɗakin da keke zai shiga, sai ka nuna musu iyakar lalacewarka. A ƙofa ta biyun nan tarbiyyarmu take kayar da mu. Bahaushe ko numfashi yake ja da kyar, ka ce masa "ya jiki?", zai ce "da sauƙi". Ba ƙarya yake yi ba. Godiya ce ga Allah, kuma sutura ce. Amma tafinta zai juya wa ma'aikaciya da Turanci cewa ya ce jiki yana kyau, ita kuma ta rubuta abin da ta ji. Ba ta zalunci kowa ba. Sai mutum ya koma ƙarshen layi da bakinsa.

Aikin Mama Talatu shi ne ta hana mu faɗar wannan kalmar. Kafin ranar ganawa takan je gidan mutum ta zauna, ta sha ruwa, sannan ta fara tambayoyin da ko 'yar cikinka ba ta yi maka. Wa yake kai ki bayan gida? In babu kowa a gidan fa? Yaushe rabonki da wanka? An zage ta. An kore ta. Wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi ta taɓa wurgo mata takalmanta ta taga daga saman bene a Peckham. Ta sauka ta tsince su, ta sake hawa, ta ce, "Goggo, ɗaya ya faɗa kwata, amma ban gama tambayata ba."

Kada wani ya zaci nasara take yi kullum. Yawancinsu ba su samu ba. Wasu sun rasu suna jira. Wasu 'yan uwa sun ɗora su a jirgi an mai da su Najeriya. Ta halarci jana'iza fiye da yadda ta halarci tarewa, tana tsaye daga nesa da gyalenta, don ba addininta ba ne.

Labarin Malam Uwaisu Badaru matarsa Ramatu ce ta ba ni. Ita ta ce a rubuta, ita ta nuna min inda zan tsaya.

Malam Uwaisu Bazazzage ne. Karatu ya kawo shi, tallafin karatun ya yanke, ya kama tuƙin tasi, ya samu takardun zama, ya yi aure. Suna haya a hawa na sama na wani tsohon gida a Camberwell, babu lift. A 1991 ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ciwon bai tsaya nan ba, ya kwashe Turancinsa kaf, ya bar masa Hausar da ya tashi da ita, ita ma a hankali take fita. Mutumin da ke gardamar siyasa da fasinjoji ya koma ba ya iya cewa a ba shi ruwa da harshensu.

Ranar da asibiti ta sallame shi, yayan Ramatu, Mahamudu, wanda ke karatun digiri na biyu, ya yi abin da kowane ɗan halak zai yi a wajenmu. Ya ce ba za a bar majinyaci a saman bene ba shi da mace ɗaya, a kawo shi gidansa jinya. Aka mai da wa mai gida makullinsa. Gidan Mahamudu tafiyar bas ɗaya ce daga Camberwell, amma a tsakani akwai wata iyaka da ba a gani a kan titi. Da Ramatu ta je neman flat, council ɗin da suka baro suka ce ai da ƙafarsu suka tashi, ba sa cikin mutanensu kuma. Council ɗin da suka koma suka ce baƙi ne, sai sun cika lokacin zama. Da aka turo ma'aikaciya ta duba jikin Malam, Mahamudu ne ya yi tafinta. Ta tambayi jiki, Malam ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Aka rubuta.

A falon Mahamudu Mama Talatu ta same shi, a kan katifa, an jingina shi da bango. Gidan irin na Turawa ne, banɗaki a sama. Ta gaishe shi, ya amsa, ya saurari bakinta, sai gefen fuskarsa mai rai ya motsa.

"Wannan Hausar taki," ya ce a hankali, "a kan dutse aka fasa ta?"

"A kan dutse, Malam. Ita ce dai za ta ɗauke ka, tunda ta Zazzau ta kwantar da kai a falo."

Ya yi dariya har da tari. Ramatu ta ce rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon. Daga ranar "'Yar dutse" yake kiranta.

Mama Talatu ta juya kan Mahamudu. "Kai ne ka gaya musu ya warke?"

"Mama, abin da ya faɗa na faɗa. In yi masa ƙarya?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Gaskiyar ce ba ka faɗa ba."

Ramatu ta fashe da kuka. "Mama, yanzu laifinmu shi ne mun ɗauko shi jinya? Da mun bar shi a can sama ya ruɓe, da sun ba mu?"

"Da ƙila," in ji Mama Talatu. Ba ta iya lallashi da ƙarya ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa ba a son ta.

Ta yi ta zarya har aka yarda a sake turo ma'aikaciya. Saura Malam. Ta fara yi masa tambayoyinta, ya juya fuska bango. Ta dawo washegari, ya yi kamar yana barci. Da ta matsa, ya ce, "Allah ya rufa min asiri, ke ki ce in yaye? Gaban mace? Baturiya?"

A daidai lokacin bukata ta kama shi. Mama Talatu na zaune ta ga yadda ake yi. Ramatu, 'yar siririya, ta durƙusa ta ba shi baya, ta ja hannunsa mai rai ta ɗora a kafaɗarta, ta miƙe da shi. Matattakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Tana hawa tana tsayawa, ƙafarsa matacciya tana bugun katako. Da suka sauko, Ramatu ta shiga kicin ta dafa tebur, ta daɗe ba ta miƙe ba.

Mama Talatu ta ja kujera har gaban katifar.

"Malam, asirinka a rufe yake. Na ga da abin da aka rufe shi. Da bayan yarinyar nan aka rufe shi."

"Ki fita."

"Zan fita. Amma ranar da ƙashin bayanta ya karye a kan matattakalar can, ku biyu za a kwantar a falon nan, ka gaya min wa zai ɗauki wani."

Ta fita. Ramatu ta ce ranar bai ci abinci ba. Da gari ya waye ya ce a kira 'Yar dutse. Ya yarda, amma da sharaɗi: matarsa ba za ta ji ba, Mahamudu ba zai ji ba. Daga shi sai ita sai Baturiyar.

Abin da aka faɗa a falon nan ranar, Ramatu ba ta sani ba har yau, ni ma ban tambaya ba. Tana zaune a matattakala, ƙofa a rufe. Tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa, ta tsaya, ta ci gaba, sai muryar Mama Talatu ta bi da Turanci, ba ta ƙara ba ta rage. Can ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji daga bakin mijinta ba, ko ranar da aka yi masa rasuwar mahaifiya. Da ƙofa ta buɗe, idon ma'aikaciyar ya yi ja. Mama Talatu ta wuce banɗaki ta wanke fuska, ta sauko ta ce, "Ƙanwata, ki ba shi shayi. Kada ki tambaye shi komai."

An sa shi a sahun farko na masu tsananin bukata. Amma sahun ba ya motsi sai mutum ya cika lokacin zama a yankin. Wato ya tuɓe gaban baƙi, aka ce ya kyauta, ya jira.

Suna cikin jira karatun Mahamudu ya ƙare, ma'aikatarsa ta kira shi gida, gidan haya zai koma hannun mai shi. In suka ƙetare iyakar nan ko da titi ɗaya ne, lissafin zama zai koma farko. Akwai gidajen namu a yankin. Mama Talatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya jajanta, kowa ya yi addu'a, kowa yana da baƙi masu zuwa daga Kano.

Wata gwauruwa 'yar cocin su Mama Talatu, Mariatu Katung, ita ce ta ce a kawo shi. Tana da ɗaki a ƙasa ta baya, da ɗan bayan gida kusa da kicin. Kafin su iso ta sauke hotunan da ke bangon ɗakin, ta sayi sababbin tukwane, ta tambayi Ramatu ta ina ake fuskanta in za a yi salla, ta juya gadon. Mu kuma da ba mu ba da ɗaki ba muka ba da baki. An ce an kai malami gidan 'yan coci. An ce da ma abin da Talatu take nema ke nan. Na ji wannan da kunnena, daga bakin matan da ke da ɗakin baƙi a rufe da makulli.

Ke ce kika ji duk wannan, Mama, kika ci gaba da zuwa. Ke ce kike karɓar Ramatu ranar Asabar don ta samu ta kwanta a ƙasa ta miƙe bayanta. Ke ce kike zuwa ofis ki zauna a benci, a ce miki babu labari, ki ce kin ji, ki dawo wani makon. Ba ki taɓa ɗaga wa ma'aikaci murya ba, ba ki kuma taɓa bari ya manta da fuskarki ba. 'Yar dutse, bakin waɗanda kunya ta ɗaure.

Amma akwai abin da ya canza tun ranar falon. Malam ya daina tsokanarta. In ta shigo sai ya rufe ido. Ta gaishe shi ya amsa a taƙaice, yana kallon rufin ɗaki. Ta lura.

Flat ɗin ya fito a 1995. A ƙasa yake, ƙofa mai faɗi, da gangare maimakon matattakala, da ƙarafa a bangon banɗaki don mutum ya kama ya miƙe. Sai dai kafin nan ciwon ya sake bugun Malam. Hannun hagun da zai kama ƙarfen ya riga ya yi sanyi. Ramatu kuwa likita ya hana ta ɗaukar ko bokitin ruwa, da ɗamara take yawo a ƙarƙashin riga. Abin da suka samu shi ne yanzu ana tura shi a keke zuwa banɗaki, ba a goya shi. Shi ke nan. Ramatu ta ce kada in raina wannan, kuma ban raina ba. Amma ba zan kira shi nasara ba.

Bayan sun tare Mama Talatu ta zo da tukunyar gwaten acca, ta naɗe ta da tawul. Ramatu ta buɗe ƙofa da murna. Daga ciki muryarsa ta fito, ta ƙara nauyi.

"Ramatu, waye?"

"Mama Talatu ce, Malam."

Mama Talatu na tsaye a kan gangaren, tukunya a hannu.

"'Yar dutse."

"Na'am, Malam. Barka da sabon gida."

"Allah ya saka miki. Duniya da lahira. Ina yi miki addu'a, Allah ne shaida." Ya tsaya ya huta. "Amma ina roƙon arziki ɗaya."

"Ina ji."

"Kada ki shigo. In na ga fuskarki, ranar nan nake gani."

Ramatu ta toshe baki da gyale. "Haba Malam! Mama ce fa!"

"Bar shi, ƙanwata," in ji Mama Talatu. "Gidansa ne. Don ya samu ƙofar da zai rufe muka yi ta wahala." Ta ɗaga murya kaɗan. "To, Malam. Na ji." Ta miƙa tukunyar. "Ki dawo min da ita, ba ni da wata."

Ba ta sake taka ƙofar ba. Malam yana nan da ransa. Duk ranar bikin salla Mama Talatu takan tsaya a bakin titi, Ramatu ta fito su gaisa.

Na tambayi Mama Talatu ko abin ya yi mata ciwo. Ta ce, "Mutum ya ajiye kayansa mafi nauyi a wurinki, ki ce kuma ya riƙa yi miki murmushi?" Sannan ta ce ba shi kaɗai ba ne. Yawancin waɗanda suka samu gida ta hannunta, in sun hango ta a kasuwa, layi suke canzawa.

Mama Talatu, mun gode. Na san kalmar ta yi kaɗan, ta kuma zo a makare, kuma daga baki ɗaya take fitowa alhali ɗaruruwa ya kamata su faɗe ta. Kin ɗauki abin da muka ji kunyar faɗa wa junanmu, kin kai shi inda zai yi amfani, ba ki taɓa zubar da ko ɗigo a hanya ba. A duk shekarun nan ba a taɓa jin sirrin wani a bakinki ba, mu da muke kiran ki mai tonon asiri. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Sauran magana tamu ce, mu 'yan makaranta, masu digiri da Turancin da ba ya tuntuɓe. Dokokin zama ba sauƙi suke ƙarawa ba, gidajen ƙasa ba yawa suke yi ba, iyayenmu kuma tsufa suke yi a saman benaye. Ƙannenmu da aka haifa a nan suna jin Hausa, amma kalma da kalma za su juya ta, su kai iyayensu ƙarshen layi da kyakkyawar niyya. Ba zan yi muku daɗin baki ba. Aikin nan ba shi da suna. Za a zage ku a gidajen da kuka je taimako, za ku sha kaye fiye da yadda za ku yi nasara, kuma wanda kuka tsaya wa zai iya roƙonku kada ku ƙara zuwa. Ku zo duk da haka. Ku je Catford tun tana da ƙarfin magana, ku zauna a ƙasa, ta koya muku yadda ake yi wa babba tambayar da ba a yi.

Akwai wata baiwar Allah a Peckham, ciwon suga ya ci mata ƙafa, tana hawa na sama, lift ɗinsu ya fi kwana a lalace. An sa mata ranar ganawa cikin watan nan. Ta buga wa Mama Talatu waya, Mama ta ce ba za ta iya hawa benen ba. Har zuwa lokacin da na ajiye alƙalami, ba a samu mai zuwa ba.